Mudir, Talotalon da Wuƙa Ba Ta Samu Ba

Duk wanda na gaya wa Mudir ya rasu, tambaya ɗaya yake yi mini, kuma ba irin wadda ake yi a gidan makoki ba ce. Ba wanda ya ce me ya same shi, ko ya jima yana jinya. Cewa ake yi, "An dai samu an yanka?" In na ce a'a, a nan ne fuska ke sauyawa, a nan ne ake yin salati na haƙiƙa.

Mai shayin bakin hanyarmu ta ajiye butarta ta dube ni. "Duk naman nan, ya Ustaz? Duka?" Tana faɗi tana kallon aljihuna, kamar ko na ɓoye cinya ɗaya a ciki. Limamin unguwa ya ja ni gefe bayan azahar, cikin ladabi, ya ce in daina cewa "ya rasu", mutane na dariya. Talotalo mutuwa yake yi. Na ce na karɓi gyara. Wanda ya yi shekara talatin da biyar yana bin littattafan 'ya'yan mutane da jan biro ba shi da bakin ƙin gyara. 'Yata kuwa, da na kira ta a garin Gadarif, cewa ta yi da Larabci, "Baba, ka ci abinci yau?"

Mutum ɗaya ce ba ta tambaye ni komai ba, domin a gabanta aka yi: ƙanwar matata. Ita ta kawo wuƙar, ita ta miƙa mini, ita ta ɗauki abarta ta koma babu ɗigon jini a bakinta. Daga ranar ta ɗauke mini magana. A duk faɗin birnin nan, daga wannan gaɓa zuwa waccan, ita kaɗai ta rage mini a dangi. Na san a kan me ta yi fushi, na kuma san tana da gaskiya. Amma bari in fara faɗin ko wane ne Mudir, don kada a auna shi da nauyin ƙirjinsa kawai.

A bayan unguwar Dar Salam, inda gidajen laka suka ƙare fili ya fara, akwai wata tsohuwar gona mai katangar jan bulo. Wani likitan dabbobi da ya yi ritaya ne ya mayar da ita mafakar dabbobin da aka gama mora: jakunan kurar ruwa da bayansu ya zama gyambo, karnukan da mota ta karya, doki ɗaya makaho, da wani kunkuru da ba wanda ya san daga ina ya zo. Daktor kowa ke ce masa. Ajinmu ɗaya tun muna yara. Balarabe ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba. Doka ɗaya gare shi, a rubuce a jikin ƙofa: abin da ya shigo nan da rai ba ya fita a kwano.

Da yaƙi ya ɓarke, na sa matata da 'yata da jikoki a mota zuwa Gadarif. Na ce zan biyo su bayan mako biyu, bari in tsare gida da littattafai. Gidan bai tsaru ba. Na kwashi abin da ya kwasu na koma gonar Daktor. Mu dama haka muke a gidanmu. Kakana ya baro Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya je ya dawo, ya ce bari ya ɗan huta a bakin kogi kafin ya ƙarasa gida. Har yau hutun muke yi.

A makonnin farko, duk safiyar da harbi ya lafa, ni da Daktor mukan ja kurar jaki mu bi lungunan da aka watse, muna saurare. Ba mutane muke nema ba, su sun tafi. Abin da suka bari a ɗaure muke nema. A wani gida na Kiristoci, a tsohon gari, muka sami talotalon. An ɗaure ƙafarsa ɗaya a gindin darbejiya. Kiwata shi ake yi don idinsu, idin kuma ya zo musu a kan hanya. Ba mugaye ba ne masu gidan: sun cika masa baho da ruwa, sun farke masa buhun dawa kafin su gudu. Ruwan ya ƙafe, igiyar ta ci ƙafar har ƙashi. Duk da haka, da muka turo ƙofa, miƙewa ya yi a kan ƙafa ɗaya da rabi, ya baza jela, ya ja fukafukai a ƙasa, ya dube mu kamar mun zo a makare.

A iya sanina, shi kaɗai ne yaƙin nan ya ƙara wa kwana.

Wannan kallon ne ya jawo masa suna. Mudir muke ce wa shugaban makaranta, kuma na yi aiki a ƙarƙashin guda shida, ba wanda ya kai shi cika ido. Da ƙafar ta warke, da ɗingishinta, sai ya naɗa kansa mai tsaron ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a duba shi: a zaga shi sau ɗaya, a leƙa takalminsa, a ja igiyar wandonsa in ta leƙo. Ba ya cizo, sai dai ya sa ka ji kamar ba ka yanke farce ba. Kansa kuwa allo ne. In ya yi ja, akwai baƙo. In ya yi shuɗi-shuɗi, yana jin daɗin kansa. In ya yi fari fat, tsokar da ke rataye a hancinsa ta tsuke, to a bar shi, ba ya karɓar koke yau.

Maganarsa ɗaya ce, amma ba ya barin bashinta ya kwana. Duk ƙarar da ta fi tasa, sai ya ba ta amsa. Jaki ya yi kuka, ya amsa. Daktor ya yi atishawa, ya amsa. Ranar da aka fara harbo manyan bindigogi ta kanmu, karnuka suka shige ƙarƙashin gado, ni ma ban yi nisa da su ba. Shi yana tsakar gida, wuya a miƙe. Duk dum ɗin da aka yi sai ka ji gulgul-gulgul, kamar an faɗi abin da bai yarda da shi ba a taron malamai. Daktor, daga inda yake kwance rub da ciki, ya ce, "Ya Ustaz, a duk ƙasar nan wannan ne kaɗai ke mayar musu da magana." Na ji tsoro a yaƙin nan, kada in yi ƙarya. Amma da wuya mutum ya kai ƙarshen tsoro alhali talotalo na musu da igwa.

Mun taɓa yin faɗa, sau ɗaya. A cikin littattafan da na tsira da su akwai littafin taswira da na koyar da shi tun ina saurayi. Na bar shi a buɗe a kan tabarma na je alwala. Kafin in dawo Mudir ya taka shi da ƙafa, ya sa baki ya tsaga taswirar ƙasarmu gida biyu. Na ce masa, "An riga ka." Amma raina ya ɓaci, na jefe shi da takalmi, na kuma same shi. Kwana biyu bai zo inda nake ba. Zai bi ta gabana ya kau da kai, ya je ya tsaya wajen makahon doki, wanda da can ko kallonsa ba ya yi. A rana ta uku na ɓare gyaɗa a tafin hannu na bi shi har bayan rijiya na ba shi haƙuri. Ya ci, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, yadda babba ke karɓar tuban ƙarami.

Da Hausa na ba shi haƙurin. Wannan ma sai na faɗa. Aikina duka da Larabci na yi shi, kasuwa da Larabci, abota da Daktor da Larabci. Jikokina in na yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa. Hausa harshen cikin ɗaki ce, tsakanina da matata: da ita muke faɗa, da ita muke gulmar maƙwabta, da ita take ce mini in rufe littafi tuwo zai huce. Da ta tafi sai harshen ya rasa wurin sauka. Na wayi gari ina yi wa talotalo. Bayan la'asar zan zauna a inuwa, ya zo ya kwanta a kan ƙafata da duk nauyinsa, in ba shi labarin yadda aka wuni. Bai taɓa amsa mini da Larabci ba.

A shekara ta farko matata ta rasu a Gadarif. Ciwon suga ne, magani kuma ya yanke. A kan tulin bulo na ji, inda muke hawa mu kama layin waya. An riga an kai ta. Hanya ba ta biyuwa, gadoji a rufe.

A nan ƙasar in an yi rasuwa, shimfiɗa ake yi kwana uku. Mai ta'aziyya ba ya fara da gaisuwa. Tun daga ƙofa zai ɗaga hannu biyu ya ce, "Fatiha," kai ma ka miƙe ka ɗaga naka, ku karanta tare, sannan a yi magana. Na yi wa mutane wannan ɗaga hannu sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Don haka na sauko daga kan bulo, na share gindin bishiya, na shimfiɗa tabarma babba, wadda za ta ɗauki mutum goma. Daktor ba ya nan a makon. Ya je ɗauko wasu jakuna, harbi ya rufe masa hanya. Unguwa ba kowa. Na zauna ina kallon ƙofa.

Mudir ne ya zo. Ya zaga tabarmar sau ɗaya, bisa al'adarsa, sannan ya hau ya kwanta a gefena. Kwana ukun nan bai je tsaron ƙofa ba. Na karanta isasshen abin da zai hana ni cewa ya san me ya faru. Wataƙila inuwar ce ta yi masa daɗi, wataƙila yana jiran gyaɗa. Ban damu da dalilinsa ba. An yi zaman makokin matar da na zauna da ita shekara arba'in, mai ta'aziyya ɗaya ne ya halarta, kuma bai tashi ba sai da aka naɗe tabarma.

Ƙanwar matata a unguwar Mayo take a lokacin, can ƙetaren kogi. Sai da faɗa ya yi nisa da birni ta ƙetaro Dar Salam, domin gidanta ya zama kufai. Ba ta iya zama hannu sake ba, ta kama tukunyar takiya, wato girkin sadaka da ake yi wa unguwa baki ɗaya da adas, wani ƙanƙanin wake: adas yau, adas gobe, ran Juma'a adas mai albasa. Ranar da muka fara haɗuwa na shirya abin da zan ce mata a kan yayarta. Tana ganina ta ce, "Mijin Yaya, ashe tsufa bai ji tsoron harbi ba, ya same ka." Na ce, "Ke ma na ga bai bi ta bayanki ba." Shi ke nan. Tun tana budurwa wasa ne tsakaninmu, sai muka fake a bayan wasan. Fiye da shekara muna haɗuwa, ba wanda ya ambaci marigayiya.

Tsakaninta da Mudir kuwa ba a taɓa shiri ba. Ya tsani jar lafayarta, ita kuma ba ta taɓa kallonsa ba tare da ta raba shi kashi-kashi da ido ba. "Kazarka" take ce masa.

"Mijin Yaya, kazarka ta ƙara ƙiba. Me kuke ba ta, mu muna shan ruwan adas?"

"Ilmi."

"To in ilmin ya nuna a kawo mana. Romonsa kaɗai ya isa ya tuna wa layinmu ɗanɗanon duniya."

Dariya muke yi. Ni dai dariya nake yi.

Irinsu Mudir ba don tsufa aka yi su ba. Jikinsu na fin ƙarfin zuciyarsu. A watan da ya wuce ya daina zaga baƙi, yana duba su daga kwance. Ranar Talata da hantsi ya kasa ɗaga kai, yana numfashi baki buɗe. Labari ya kai takiya kafin in gama kiran Daktor. Sai ga ƙanwar matata da wuƙa a naɗe cikin tsumma.

"Ga ta," ta ce. "Kai ne namiji a nan, in ba a canza ba."

Na dubi Daktor, na dubi rubutun jikin ƙofa. Ya ce, "Ya Ustaz, dokar tawa ce, amma tsuntsun naka ne. Zuciyarsa ce ta gaji, namansa lafiya lau. Ba zai kai azahar ba. Ni zan je in duba ƙafar jaki." Ya tafi, ya bar ni ba katangar da zan jingina.

Na karɓi wuƙar. Na ce, "Ba a wasa wuƙa a gaban dabba."

"A washe take. Da asuba na wasa ta."

"Wasan mata," na ce, na zaga bayan ɗaki. Na wasa ta a dutse, gaba da baya, har ta kai ta raba gashi. Na dawo na ce sunna ce a ba dabba ruwa. Na je rijiya, na kawo, na ɗiga masa a baki da yatsa. Sannan na ce bari in yi alwala.

"Yaushe yanka ya koma salla?"

"Mustahabbi ba ya cutarwa."

Na yi alwala irin wadda ban taɓa yi ba ko a Makka, kowace gaɓa sau uku, har da tsefe gemu. Na dawo na durƙusa, na ɗora kansa a gwiwata, na tsaya ina duban sama, ina duban inuwar bishiya.

"Me kuma?"

"Alƙibla."

"Kai da ka tsufa kana koyar da taswira, yau alƙibla ta ɓace maka? Ga ta can, inda kake kallo sau biyar kullum!" Muryarta ta daina wasa. "Mijin Yaya, don Allah. Akwai mai jego a layinmu, kwananta tara, ruwan adas take sha, nono ya ƙi zuwa. Na riga na ce mata yau za ta sha romo."

Na ji ta sarai. Na juya shi a hankali ya fuskanci inda ta nuna. Na gyara masa fiffike. Na sa hannun hagu a wuyansa, ina jin bugun yana tsalle yana tsayawa. Wuƙa na hannun dama. Abin da ya rage kalma biyu ne da jan hannu ɗaya. Na tsaya a nan, ban ja ba, har bugun ya tsaya bai dawo ba. Kansa ya yi fari fat. Ba ya karɓar koke yau.

Mutanen unguwa sun ɗauka nawa ce ta tsufa, da yawan ƙa'ida irin ta malaman makaranta. Na bar su a haka. Amma a nan zan rubuta shi yadda yake: ba nawa na yi ba. Kowace sunna da na jawo, na jawo ta ne in sayi minti. Na ɗauki abin da aka shar'anta don tausaya wa dabba na tare bakin mace mai jego da shi. Ba ni da fatawar da za ta wanke ni, na kuwa nema. Abin da na sani kawai, hannuna ya ƙi yanka wanda ya zauna mini makoki.

Ƙanwar matata ta sunkuyo. Ta zare wuƙarta daga hannuna, ta naɗe, ta fita.

A gindin bishiyar nan na binne shi, da zurfi, saboda karnuka. Kafin nan na sa almakashi na yanke gashin jelarsa. Malamanmu sun ce gashin mushe in an yanke shi ba a tuge ba, da tsarkinsa. Na ɗaure shi da zare ya zama mafici. Kowace safiya kuma na riƙa tatsar akuyar gonar, madarar da muke shayi da ita, in ba mai shayi ta kai wa mai jego. Ba wanda ya aiko da godiya, ban kuma sa rai ba.

A rana ta uku da hantsi ina zaune a kan tabarma sai na ga jar lafaya a ƙofa. Ta ɗan tsaya, kamar mai jiran a zo a zaga ta.

"Ƙofar nan ta lalace," ta ce. "Kowa sai ya shigo."

Na matsa mata wuri. Ta ƙaraso, ba ta zauna ba.

"Madararka na isa. Madara ba nama ba ce."

"Na sani."

"Ban yafe ba tukuna."

"Na sani."

Ta dubi tabarmar, ta dubi faɗinta. "Daktor ya zo takiya jiya. Ya ce a kan wannan ka zauna, lokacin Yaya."

"Kwana uku."

"Wa ya zo?"

Na nuna mata sabuwar ƙasar da ke gindin bishiya.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ma na shimfiɗa a Mayo. Ni ko kaza ban samu ba."

Sai ta gyara lafayarta, ta ɗaga hannu biyu, ta ce, "Fatiha." Na miƙe, gwiwoyina na ƙara, na ɗaga nawa. Kafin mu fara ta ce, "Ba don kazarka ba."

"Na sani."

Muka karanta. Da muka shafa, ba ta Larabcin da kowa ke faɗa ce ta zo bakina ba. Na ce mata, "Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Ta mayar mini, na mayar mata. Sannan ta zauna a bakin tabarma ta rufe fuska, ni kuma na ba ta baya na kalli katanga, kowa ya yi abin da ya yi shekara biyu yana ajiyewa.

Da za ta tafi na miƙa mata maficin. Ta juya shi, ta gwada shi a fuskarta. "Ga nama can a rami, ni an ba ni gashi," ta ce. Amma ta tafi da shi. Yanzu da shi ake fifita wutar takiya, kuma an ce yana tashin gawayi da kyau. Iyakar abin da tukunya ta samu daga Mudir ke nan: iska.

Allah ya jiƙan matata, ya sa can ta fi nan, ya kai mata Fatihar da ta makara a hanya. Mai jego Allah ya ba ta lafiya, ya kuma sa ta yafe mini ranar da ta ji gaskiyar magana. Shi kuwa Mudir, liman ya ce ba a yi wa tsuntsu addu'a, ban kuma yi ba. Sai dai bayan la'asar nakan zauna a inuwa in fara ba da labarin yadda aka wuni, in kai tsakiya kafin in lura ƙafata ba nauyi.